Yadda ake haɗa saba a ɗora shafin intanet ko kana zaune a ƙauye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Matasan da suke zuwa koyon kwamfuta a ɗan shagona nan gefen Ringim sun sha tambayata yadda nake ɗora shafukan makarantu da na ƙungiyoyin manoma a intanet, alhalin garinmu wuta sai a yi kwana biyu ba a gan ta ba, netwok kuma ran kasuwa ko kira da ƙyar yake shiga. To yau zan zayyana abin daga farko har ƙarshe kamar yadda nake yin sa da hannuna.

Abu na farko ɗan uwa, cire tunanin cewa zaka ajiye tsohuwar kwamfuta a ɗakinka ta zama saba, wato kwamfutar da take riƙe da shafi tana miƙa shi ga duk wanda ya buɗe. Na gwada da farko, da sola da inbata da komai, amma da damina ta kankama aka yi kwana uku hadari a sama batir ya sauka, shafin ya mutu. Kuma ko da wuta ta tsaya akwai matsala ta biyu, layukan waya da muke hawa intanet da su mutane da yawa ne suke raba lambar IP guda ɗaya, wato adireshin da ake gane na'ura da shi a intanet, saboda haka wanda yake waje ba shi da hanyar ƙwanƙwasa ƙofar kwamfutarka. Don haka sabar hayarta ake yi a inda wuta ba ta ɗaukewa, kai kuma kana daga ƙarƙashin bishiyar darbejiya kana juya ta da rubutu kawai. Kwamfutar ɗaki ka bar ta don koyo da gwaji, a nan kam tana da amfani sosai.

Kayan da zaka tanada

Laftof kowace iri, ko tsohuwa ce ba komai, in dai Windows 10 ko 11 ce akwai SSH a cikinta, wato manhajar da ake shiga saba da ita daga nesa, ka buɗe PowerShell kawai. In babu laftof wayar Android ma tana yi, ka sauke Termux daga F-Droid sai ka rubuta pkg install openssh, sai dai rubutu a ƙaramin allo akwai wahala, in da hali ka samu ɗan kibod mai haɗawa da waya. Sai data, ba ta da yawa don rubutu ne kawai yake kai kawo, amma ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, in ɗaya ya ɗauke ka koma ɗayan. Sai katin banki da zai iya biya a intanet, da adireshin imel mai rai wanda kake dubawa, da filas, da littafi da biro. Littafin nan kar ka raina shi, a ciki zaka riƙa rubuta abin da ka canza da ranar da ka canza shi.

1. Hayar saba

Abin da zaka nema sunansa VPS, wato yankin da aka yanka maka daga babbar na'ura, da IP ɗinka kai kaɗai. Akwai kamfanonin waje irin su DigitalOcean da Hetzner da Vultr, da dala ko yuro ake biyansu, ba kowane katin naira ne yake wucewa ba, shi ya sa wasu suke amfani da katin dala na manhaja. In wannan ya gagara akwai kamfanonin hostin na cikin gida da suke karɓar naira, ka dai tambaye su ko zasu ba ka ikon root, wato cikakken iko a kan sabar, in babu shi wannan darasin ba zai yi maka aiki ba.

Ƙaramin shafi na makaranta ko shago giga 1 na RAM ya ishe shi, in zaka ɗora shafuka uku huɗu ka ɗauki giga 2. Wajen zaɓar tsari ka ɗauki Ubuntu 24.04 LTS, a watan Afrilun 2024 ya fito kuma ana ba shi gyaran tsaro har 2029, duk umarnin da ke ƙasa a kansa na rubuta. Wajen zaɓar garin da sabar zata zauna kuma ni Landan ko Frankfurt nake ɗauka, don wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suke sauka a Legas yawancinsu Turai suka nufa, in ka ɗauki Amurka ta yamma ko Singafo kowane harafi ka danna sai ka ji yana jan ƙafa.

2. Shiga na farko

Za su ba ka IP, a nan zan yi misali da 203.0.113.10, kai ka sa naka.

```
ssh root@203.0.113.10
```

Zai tambaye ka ko ka yarda da wannan na'urar, ka rubuta yes. Lokacin da kake rubuta kalmar sirri ba zaka ga komai a allo ba ko tauraro, haka yake, ba kibod ɗinka ne ya lalace ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu mu na karkara, kafin ka taɓa komai ka shiga tmux:

```
apt update && apt install tmux -y
tmux new -s aiki
```

Amfaninsa shi ne duk aikin da ka fara a cikinsa yana ci gaba a can kan sabar ko da netwok ɗinka ya yanke ko cajinka ya ƙare. Da ka dawo sai ka sake shiga ka rubuta tmux attach -t aiki, ka tarar da allonka yadda ka bar shi. Wallahi wannan ɗan abin ya sha cetona, don kafin in san shi akwai ranar da nake tsakiyar sabunta saba iska ta taso netwok ya tafi, na dawo na tarar da manhajoji rabi sun hau rabi ba su hau ba. In hakan ta same ka, dpkg --configure -a sannan apt -f install su ne suke gyarawa yawanci. To a cikin tmux ɗin sai ka yi:

```
apt upgrade -y
timedatectl set-timezone Africa/Lagos
```

Na biyun agogo ne yake saitawa ya dawo lokacin Najeriya, don in matsala ta faru ka duba rikodi ka gane ƙarfe nawa ne a wajenmu.

3. Sabon mai amfani da makulli

Root shi ne mai iko da komai, kuskure ɗaya da shi zai iya share sabar gaba ɗaya kuma ba zai tsaya tambayarka ba, ga shi kuma duk ɓarayin intanet sun san sunan. Sai ka ƙirƙiri wani:

```
adduser maigida
usermod -aG sudo maigida
```

Daga nan duk umarni mai nauyi sai ka fara shi da sudo. Yanzu koma kan laftof ɗinka, ba kan sabar ba, nan mutane suke rikicewa, ka buɗe sabuwar taga ka rubuta:

```
ssh-keygen -t ed25519
```

Zai haifar da fayil biyu a foldar .ssh. Mai ƙarewa da .pub kamar kwaɗo ne, shi ake maƙalawa a ƙofar sabar kowa ma ya gani ba komai. Ɗayan kuma id_ed25519 shi ne ɗan makullin, ba a tura shi ta WhatsApp, ba a ba aboki, ba a bari a kwamfutar kafe da kowa yake hawa. In ya tambaye ka kalmar da zai kulle makullin da ita ka saka, saboda ranar da aka sace laftof. A Linux ko Termux zaka tura kwaɗon da ssh-copy-id maigida@203.0.113.10. A Windows babu wannan umarnin, sai ka buɗe fayil ɗin .pub da Notepad ka kwafe layin gaba ɗaya, ka shiga sabar a matsayin maigida, ka yi mkdir ~/.ssh, ka liƙa layin a cikin ~/.ssh/authorized_keys da nano, manhajar gyara fayil ta cikin saba, sannan chmod 700 ~/.ssh da chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys. In izinin nan bai daidaita ba SSH zai ƙi makullin ba tare da ya gaya maka dalili ba.

Ka kwafi ɗan makullin a filas ka ajiye a gida, ko ka yi wani na biyu a wayarka ka ƙara kwaɗonsa a layi na biyu.

4. Rufe ƙofar kalmar sirri

Ka tsaya ka nutsu a nan, don wannan ne matakin da ake kulle kai a waje. Sabuwar saba ko awa ɗaya bata yi ba zaka ga na'urori daga ko'ina a duniya suna ta gwada kalmomin sirri a kanta dare da rana, maganinsu a hana shiga da kalmar sirri kwata-kwata.

```
sudo nano /etc/ssh/sshd_config.d/00-tsaro.conf
```

Ka rubuta layi biyu a ciki:

```
PermitRootLogin no
PasswordAuthentication no
```

Me ya sa na fara sunan da 00? Saboda SSH abin da ya fara karantawa shi yake riƙewa, kuma a saba da yawa akwai wani fayil 50-cloud-init.conf a wannan foldar da yake cewa a bar kalmar sirri a buɗe, sai mutum ya gyara babban fayil ya tafi yana ganin ya rufe alhali ƙofa tana nan a wangale. Namu mai 00 zai riga shi. Sai ka gwada da sudo sshd -t, in bai ce komai ba lafiya kenan, sannan sudo systemctl restart ssh.

Don Allah kar ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe wata sabuwa ka gwada shiga da maigida, sai ka ga ka shiga lafiya sannan ka saki ta farkon. In kuma ƙaddara ta faɗa ka kulle kanka, ka shiga shafin kamfanin da ka yi haya, suna da allon gaggawa da ake buɗewa ta burauza, ta nan zaka shiga da kalmar sirrin maigida ka gyara.

5. Katanga da sauran tsaro

```
sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw enable
sudo apt install fail2ban unattended-upgrades -y
```

Ka lura da jerin, a fara barin SSH sannan a kunna katangar, in ka juya su ka toshe ƙofa ta 22 da kake shiga ta ita. Shi fail2ban wanda ya yi kuskuren shiga sau 5 yake korarsa na minti 10. In kai ya kora, sa wayarka a yanayin jirgi ka cire, yawanci zaka samu sabuwar IP, ko ka koma ɗaya layin. Na ƙarshen kuma gyaran tsaro yake saukewa da kansa kullum.

In RAM ɗinka giga 1 ne ka ƙara masa wajen numfashi a kan diski, wanda ake kira swap, in ba haka ba duk ranar da mutane suka yi yawa, misali ranar da makaranta ta saki sakamako, tsarin zai kashe rumbun bayanai don ya samu sarari:

```
sudo fallocate -l 1G /swapfile
sudo chmod 600 /swapfile
sudo mkswap /swapfile
sudo swapon /swapfile
echo '/swapfile none swap sw 0 0' | sudo tee -a /etc/fstab
```

Ka kula da wannan -a ɗin da ke bayan tee, shi ne yake sa a ƙara layi a ƙasa, in ka manta shi zai goge duk abin da ke cikin fstab kuma sabar zata iya ƙin tashi.

6. Sunan shafi

Shi ake kira domen. Masu ƙarewa da .ng hukumar NiRA ce take kula da su, amma ba a wajenta kai tsaye ake saya ba, ta hannun dillalan da ta amince da su ne, kuma da naira ake biya, .com.ng ya fi .ng zalla araha. Da ka saya sai ka shiga wajen saitin DNS, wato tsarin da yake haɗa sunan shafi da IP, ka ƙara rikodin A guda biyu, ɗaya mai suna @ ɗaya mai suna www, dukkansu su nuna IP ɗin sabarka. Wani lokaci minti kaɗan ya isa, wani lokaci sai an yi awanni. Ka duba da nslookup misali.com.ng, sai ka ga IP ɗinka ya fito sannan ka wuce gaba.

Wata magana ta amana, in aikin wani kake yi ka yi rajistar domen da sunansa da imel ɗinsa. Na taɓa karɓar aikin wata Islamiyya da wanda ya fara yi musu ya sa komai da sunansa ya tafi kudu, lambarsa ta daina shiga, dole suka haƙura da tsohon sunan da ke jikin allon makaranta da takardunsu. Malaman nan ba su san DNS ba, sun yarda da kai ne kawai, to ka riƙe musu amanarsu.

7. Nginx da PHP da rumbun bayanai

```
sudo apt install nginx mariadb-server php-fpm php-mysql php-xml php-curl php-gd php-mbstring php-zip php-intl -y
sudo ufw allow 'Nginx Full'
```

Nginx shi ne yake miƙa shafi ga mai buɗewa, PHP yana tafiyar da shafin, MariaDB kuma ita ce rumbun bayanai. Layi na biyun yana buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, waɗanda masu buɗe shafi suke shigowa ta cikinsu. Kar ka rubuta apt install php shi kaɗai, zai jawo maka Apache, wata manhaja mai irin aikin Nginx, su zo suna rigimar ƙofa ta 80 da Nginx. Apache ba shi da laifi, mutane da yawa da shi suke aiki, ni dai a ƙaramar saba Nginx na fi so don ba ya cin RAM, abin da ba a so shi ne haɗa su biyun ba da niyya ba.

Yi folda da sudo mkdir -p /var/www/misali, sai ka buɗe /etc/nginx/sites-available/misali da sudo nano ka rubuta:

```
server {
    listen 80;
    server_name misali.com.ng www.misali.com.ng;
    root /var/www/misali;
    index index.php index.html;
    client_max_body_size 20M;

    location / {
        try_files $uri $uri/ /index.php?$args;
    }

    location ~ \.php$ {
        include snippets/fastcgi-php.conf;
        fastcgi_pass unix:/run/php/php8.3-fpm.sock;
    }
}
```

```
sudo ln -s /etc/nginx/sites-available/misali /etc/nginx/sites-enabled/
sudo nginx -t
sudo systemctl reload nginx
```

Ka mayar da nginx -t ɗabi'a, duk sanda ka taɓa saiti ka gwada kafin ka sake lodawa, zai nuna maka layin da kuskure yake, yawanci alamar ; ce aka manta a ƙarshe. Lambar 8.3 ta Ubuntu 24.04 ce, in wani tsarin ka ɗauka ka duba da ls /run/php ka sa abin da ka gani.

Rumbun bayanai kuma, ka shiga da sudo mariadb:

```
CREATE DATABASE misali CHARACTER SET utf8mb4;
CREATE USER 'misali'@'localhost' IDENTIFIED BY 'doguwar-kalmar-sirri';
GRANT ALL PRIVILEGES ON misali.* TO 'misali'@'localhost';
EXIT;
```

Wannan utf8mb4 ɗin ya shafe mu kai tsaye, shi ne yake riƙe ƙ da ɗ da ɓ da rubutun Larabci yadda suke, in rumbu yana kan tsohon tsari na latin1 sai ka ga sunan ɗalibi ya koma alamar tambaya, musamman in tsohon shafi kake kwasowa daga wani wuri. Kowane shafi kuma ka ba shi rumbunsa da mai amfaninsa daban, don in an fasa ɗaya kar a kwashe duka.

8. Satifiket na HTTPS

Satifiket ɗin nan shi ne yake ɓoye bayanan da ke kai kawo tsakanin shafi da mai buɗewa. Ni ina yin wannan kafin in ɗora shafin, don kar kalmar sirrin farko ta bi hanya tsirara. Let's Encrypt kyauta suke bayarwa, kar wani ya sayar maka.

```
sudo apt install certbot python3-certbot-nginx -y
sudo certbot --nginx -d misali.com.ng -d www.misali.com.ng
sudo certbot renew --dry-run
```

Satifiket ɗin kwana 90 yake yi amma yana sabunta kansa, layi na uku gwaji ne na tabbatar da hakan, ka yi shi, don tun watan Yunin 2025 suka daina aiko da imel na tunatarwa. In ya ƙi bayarwa kusan kullum abu biyu ne, ko DNS bai gama zagayawa ba ko ƙofa ta 80 a rufe take. Kar ka yi ta maimaitawa, kuskure sau 5 cikin awa ɗaya suna dakatar da kai na ɗan lokaci, gyara dalilin tukuna.

9. Ɗora shafin

In WordPress ne, sauke shi kai tsaye a kan sabar, ba datarka zai ci ba:

```
cd /tmp
wget https://wordpress.org/latest.tar.gz
tar xzf latest.tar.gz
sudo cp -r wordpress/. /var/www/misali/
sudo chown -R www-data:www-data /var/www/misali
```

Nan take ka buɗe burauza ka ƙarasa saitin, ka ba shi sunan rumbu da kalmar sirrin da ka yi a mataki na 7. Kar ka bari sai gobe ko sai bayan sallah, shafin saitin nan duk wanda ya riga ka buɗe shi shi ne mai gida, kuma akwai na'urorin da aikinsu kenan farautar sababbin shafuka. Sunan shugaba kar ka sa admin.

Abu biyu nake roƙonka. Zaka ga ana cewa in fayil ya ƙi hawa ka yi chmod 777, kar ka yi, wannan cire ƙyauren ɗaki ne gaba ɗaya, folda 755 fayil 644 ya wadatar in dai mai shi www-data ne. Na biyu, jigo da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf-guruf ka guje su, da yawa an dasa musu ƙofar baya, wata rana sai ka wayi gari shafin makarantar Alƙur'ani yana tallan caca, ka ga da wane ido zaka kalli malam.

In hoto ya ƙi hawa, PHP ne ya iyakance shi a mega 2, ka buɗe /etc/php/8.3/fpm/php.ini ka ɗaga upload_max_filesize da post_max_size zuwa 20M, sai sudo systemctl restart php8.3-fpm. Amma ka koya wa masu shafin rage girman hoto kafin su ɗora, masu buɗewa mutanenmu ne da suke sayen data ta ɗari biyu.

10. Ajiyar kwafi

Manomi ba ya zuba irin shukarsa a rumbu ɗaya da hatsin ci, saboda ranar gobara. Haka nan kwafin da yake zaune a kan sabar kaɗai bai zama ajiya ba tukuna. Fara da folda da ɗan rubutu:

```
sudo mkdir /var/ajiya
sudo chown maigida /var/ajiya
sudo chmod 700 /var/ajiya
sudo nano /usr/local/bin/ajiya.sh
```

```
#!/bin/bash
RANA=$(date +%F)
mariadb-dump --single-transaction misali | gzip > /var/ajiya/rumbu-$RANA.sql.gz
tar czf /var/ajiya/fayil-$RANA.tar.gz /var/www/misali /etc/nginx/sites-available
find /var/ajiya -type f -mtime +7 -delete
```

Sai sudo chmod +x /usr/local/bin/ajiya.sh, sannan sudo crontab -e ka ƙara layin 0 2 * * * /usr/local/bin/ajiya.sh, wato kullum ƙarfe biyun dare. Layin find ɗin nan yana goge abin da ya wuce sati, in ka cire shi kwafin da kansa zai cika diski ya kayar da shafin.

Duk sati ka sauko da kwafi gida. Fayil ɗin rumbu ƙarami ne, scp ya ishe ka, a Windows kuma WinSCP yana da sauƙi. Hotuna ne masu nauyi, su rsync ya fi dacewa da su don sabon abu kawai yake ɗaukowa, kuma in netwok ya yanke da -P zai ɗora daga inda ya tsaya:

```
rsync -avP maigida@203.0.113.10:/var/www/misali/wp-content/uploads/ ./hotuna/
```

Ni da dare nake yi lokacin da layi ya yi sauƙi, ko in bari sai na shiga Dutse ko Kano inda netwok yake da ƙarfi. Kuma ka gwada dawo da kwafin ko sau ɗaya ne, ga amfanin tsohuwar kwamfutar ɗakin nan, ka sa mata Ubuntu ka ƙirƙiri rumbu mai suna gwaji ka yi gunzip < rumbu-2025-01-15.sql.gz | sudo mariadb gwaji ka ga ko bayanan sun fito. Na taɓa ganin kwafi na wata biyu cur da babu komai a ciki saboda an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan rumbu, ba wanda ya buɗe ya duba, ls -lh /var/ajiya kawai da ya nuna girman fayil ɗin bai kai komai ba.

11. Ranar da aka kira ka ance shafi baya buɗewa

Kar ka yi saurin sake kunna saba, fara gwadawa da ɗaya layinka, sau da yawa netwok ɗin mai kiran ne. In da gaske ne ka shiga ka bi waɗannan:

```
df -h
free -h
sudo tail -n 50 /var/log/nginx/error.log
sudo systemctl status nginx php8.3-fpm mariadb
```

In df ya nuna 100% diski ne ya cika, sudo du -sh /var/* zai nuna maka inda nauyin yake, sudo journalctl --vacuum-size=200M kuma yana rage tsohon rikodi. Lamba 502 tana nufin Nginx yana nan amma PHP bai amsa ba, ko ya faɗi ko sunan sock ɗin bai dace ba. Lamba 413 fayil ne ya fi girman da ka yarje a client_max_body_size. In WordPress ya ce ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai, yawanci MariaDB ce ta mutu saboda RAM ya ƙare, ka tashe ta da sudo systemctl restart mariadb sannan ka duba ko swap ɗin nan yana aiki. Duk abin da ka gyara ka rubuta a littafi.

Imel mai sunan domen kuwa kar ka ce zaka haɗa shi a wannan sabar, kamfanoni da yawa sun toshe ƙofa ta 25, ko ya fita ma kwandon shara yake faɗawa, ka nemi masu hidimar imel daban ka sa rikodin MX ɗinsu a DNS.

Sai maganar biyan kuɗi, wadda ita ce ta fi kashe shafukan mutanenmu fiye da kowane ɗan kutse. Saba wata-wata ake biya, domen shekara-shekara, in kati ya ƙi wucewa za su aiko imel, in ba ka gani ba su dakatar, daga baya su goge komai. Ka rubuta ranakun a bangon littafin nan ka sa ƙararrawa a waya sati biyu kafin lokaci. Ƙungiyoyin manoma ni da kaka nake karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya lokacin da aka sayar da riɗi da shinkafa, makarantu kuma farkon zango, in ƙara ɗan abu a kai saboda canjin dala tare da yi musu bayani, sai in zuba kuɗin a asusun kamfanin tun da wuri in ba su rasit.